Shekara Guda Bayan Kulle: Godiyar Kano da Bashin da Ke Kanta

Masu haƙar kabari ne suka fara sanin cewa wani abu ya sauka a Kano. Tun kafin likitoci su yi magana, tun kafin a kafa kwamiti, su ne suka lura cewa ramukan da suka saba tanada da sassafe ba sa kai su azahar. A maƙabartar Ɗandolo da ke Goron Dutse, da ta Abbatuwa a wajen Ƙofar Mazugal, da ta Tarauni, ana sauke wannan makarar wata na shigowa. Tsakiyar watan Afrilun 2020 ke nan, saura 'yan kwanaki a ɗauki azumi, zafi kuma ya kai inda ya kai. Da 'yan jarida suka je suka tambaye su, suka faɗi abin da idonsu ya gani, sai hukumomin jiha suka ce ai zazzaɓin cizon sauro ne, da hawan jini, da ciwon suga, da sanƙarau.

Sai ranar 8 ga Yuni ministan lafiya, Osagie Ehanire, ya bayyana abin da tawagar gwamnatin tarayya ta gano. Mutum 979 aka ƙidaya sun rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni. Lokacin da abin ya yi ƙamari ana binne kimanin 43 a rana, alhali 11 aka saba. Ya ce kashi 50 zuwa 60 cikin 100 ana kyautata zaton korona ce ta kashe su, ko kuma ta tayar da ciwon da dama yake jikinsu. Ba gawa aka bincika ba, domin mu ba ma ajiye gawa ta kwana. Gida-gida aka bi ana tambayar iyalai yadda mamacin ya yi jinya: ya yi tari? Numfashi ya sarƙe masa? Kwana nawa ya yi a kwance?

A cikin waɗannan makonni ne Kano ta rasa Farfesa Ibrahim Ayagi, masanin tattalin arziki, da Farfesa Aliyu Umar Dikko, da Farfesa Balarabe Maikaba na sashen aikin jarida a Jami'ar Bayero, da Malam Musa Tijjani, tsohon editan jaridar Triumph, da Dakta Uba Adamu. A farkon Mayu Sarkin Rano, Alhaji Tafida Abubakar Ila na biyu, ya bi su, washegari kuma Jarman Kano, Farfesa Isa Hashim. Ba kowannensu aka ce annobar ce ta ɗauke shi ba. Amma wanda ya rayu a garin nan a lokacin ya san yadda ake buɗe waya da asuba da faɗuwar gaba, domin ba ta wuce sanarwar rasuwa, kuma kusan duk dattawa.

A 2021 shekara ta zagayo. Azumi ya sake ƙaratowa, Kantin Kwari ta cika ta batse, 'yan a-daidaita-sahu sun koma ɗaukar mutum huɗu har biyar, takunkumin fuska kuma sai a ƙofar banki. In ka tayar da zancen 2020, amsar guda ce: Alhamdu lillahi, Allah ya tsare. Gaskiya ne kuwa. A watan Afrilun 2020 hukumar tattalin arzikin Afirka ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi hasashen cewa mutum 300,000 zuwa miliyan 3.3 na iya mutuwa a nahiyar. Zuwa ƙarshen shekarar, abin da Najeriya ta rubuta a hukumance shi ne sama da mutum 87,000 da suka kamu, kusan 1,300 kuma suka rasu. Ko an ninka wannan sau da yawa saboda ƙarancin gwaji, ba mu ga abin da Italiya da Amurka da Birazil suka gani ba. Sai dai akwai irin godiyar da ake yi don a rufe zance a tashi. Tawa ba ita ba ce. Bayan godiyar Ubangiji akwai mutanen da suka ɗauke mu a kafaɗarsu a shekarar 2020 ba a ambaci sunansu ba, akwai kuma waɗanda muka ci amanarsu ba mu nemi gafara ba.

Cutar masu jirgin sama

Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Najeriya, wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas. A Kano hankali ba ya wajen. Ranar 9 ga Maris aka sauke Sarki Muhammadu Sanusi na biyu aka naɗa Alhaji Aminu Ado Bayero, wannan shi ne zancen majalisa da teburin mai shayi. Da sunayen waɗanda suka kamu suka fara fitowa, sai suka zama na manya: gwamnan Bauci Bala Muhammad, gwamnan Kaduna Nasiru El-Rufa'i, da shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, Malam Abba Kyari, wanda ya dawo daga Jamus. Talaka ya duba ya ce wannan ai cutar masu hawa jirgin sama ce, su ƙarata can. Wasu suka ce zafin Kano ba zai bar ta ta rayu ba. Samari suka riƙa taruwa a filin ƙwallo suna ihun babu korona, ana ɗauka a waya ana yaɗawa.

Ban cika ganin laifinsu ba. Mutumin da kwalara da ƙyanda da sanƙarau suka saba yi wa ɗauki ɗai-ɗai a unguwa ba tare da wani babba ya fito talabijin ba, in ya ga an rufe ƙasa baki ɗaya saboda cutar da ta taɓa gwamnoni, dole ya yi tambaya.

Ranar 11 ga Afrilu aka samu na farko a Kano, wani tsohon jakada da ya dawo daga tafiya. Daren 16 ga wata Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya rufe gari na mako guda. Washegari Abba Kyari ya rasu. Ranar 27 ga wata Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa Kano dokar kulle ta mako biyu, aka kuma ƙara. Da sassauci da tsanantawa, ba a buɗe garin gaba ɗaya ba sai farkon Yuli.

Littafin bashi

Dokar kulle an tsara ta ne don gidan da ke da sito da firiji da albashi. Kano kuwa garin hannu baka hannu ƙwarya ne. Ɗan dako a Singa, mai wankin hula, mai yankan farce, mai ɗinkin tafi-da-gidanka, yaron shago a Kwari da ake sallama da yamma, duk sai sun fita suke ɗora tukunya. An ce musu su zauna a gida, ba a ce ga abin da za su ci ba. Da aka ware Litinin da Alhamis daga ƙarfe 10 zuwa 4 don a fita cefane, sai duk garin ya ɗunguma zuwa 'Yankaba da 'Yan Lemo a lokaci guda, kafaɗa na gugar kafaɗa. Tazarar da aka yi kwana uku ana kiyayewa, a awa shida ake rushe ta.

Abin da ya riƙe layinmu wani littafin makaranta ne mai bangon shuɗi, wanda mai kantin bakin layi yake ajiyewa a ƙarƙashin kwalin sabulu. Ƙofar kantin a rufe take saboda kotun tafi-da-gidanka mai hukunta masu karya dokar kulle, amma akwai 'yar taga ta baya da ke kallon lungu. Bayan magariba sai ka ga yara suna zuwa ɗaya bayan ɗaya da leda a naɗe a hannu. Ba ya rubuta sunan mai gida, sai alama: gidan mai ɗinki, shinkafa kwano ɗaya da manja rabin kwalba, gidan marayu, garin masara da magi da ashana, malamin Islamiyya, sukari gwangwani biyu. Na taɓa leƙawa na ga shafukan sun cika har ya fara rubutu a bayan bango. Shi ma bashi yake ɗaukowa daga dilansa, dilan kuma daga na sama da shi. Bayan an buɗe gari wasu sun biya, wasu har yanzu suna sauya hanya in sun hango shi, shi kuma bai taɓa aika yaro ƙofar gidan kowa ba.

Irin wannan littafin yana nan a kowace unguwa, daga Kurna zuwa Sheka, daga Ɗorayi zuwa Hotoro. Babu wanda ya tara lissafinsu, amma na yi imani abincin da ya bi ta cikinsu ya fi wanda ya bi ta hannun kwamitocin rabon tallafi isa bakin mayunwata. Haka ɗan garuwa da ya riƙa turo kurarsa ta lungu yana kauce wa jami'an tsaro, domin a unguwar da famfo ya shekara bai kawo ruwa ba, umarnin a riƙa wanke hannu da ruwa mai gudu a kan jarkarsa ya dogara. Haka matan da suka farfaɗo da ciyayya: kwanon tuwo ya tsallaka katanga, na kunu ya dawo. A gidajen da aka daina wannan al'ada tun da aka gina dogayen katangu aka sa get, yunwar azumin 2020 ta dawo da ita.

Abin da na ɗauka daga nan ba shi da wani zurfi. Na koyi cewa maƙwabcin da kuke gaisawa ta gilashin mota, ran da hanya ta rufe shi ne danginka, domin 'yan uwanka na jini suna Rijiyar Zaki ko Zariya, ba mai iya zuwa. Na kuma koyi sayen hatsi da kaka a ajiye, abin da iyayenmu ke yi muna yi musu kallon 'yan ƙauye. A ƙarshen shekarar hauhawar farashin abinci ta haura kashi 19 cikin 100, tattalin arzikin ƙasa ya faɗa cikin karaya bayan da ɗanyen mai ya yi warwas, iyakokin tudu da aka rufe tun Agustan 2019 kuma ba a buɗe Maigatari da Illela ba sai tsakiyar Disamba. Wanda ya shiga shekarar da buhun gero a ɗaki ya fi mai kuɗi a banki kwanciyar hankali.

Azumi babu asham

Ranar 24 ga Afrilu aka tashi da azumi, masallatai a rufe. Dattijon da ya shekara hamsin bai rasa sahun farko ba ya ji ladan ya gama kiran salla ya ƙara da cewa kowa ya yi a gidansa. Babu asham a jam'i, babu tafsiri a fili, babu itikafi. Malamai suka koma rediyo da Facebook, wasu suna fassara a ɗaki daga su sai alaramma. An sha muhawara mai zafi, har a Nijar abin ya kai ga zanga-zanga a Mirya da Yamai kafin a buɗe masallatai a watan Mayu. Amma malamai da yawa sun tsaya sun tunatar da mutane cewa Sayyidina Umar ya juyo da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke a can, bai ɗauki hakan gudun ƙaddara ba. Waɗannan malaman sun sha zagi, an ce an saye su. Suna cikin waɗanda ya kamata a gode wa.

A gidaje da yawa, wannan ne karon farko da mai gida ya ja matarsa da 'ya'yansa salla raka'a goma a tsakar gida. Wasu a nan suka gane haddarsu ta zube, ƙaramin yaron da ke zuwa Islamiyya ne ke yi musu gyara daga baya. Wasu kuma a nan suka san wane aji 'yarsu take. Ba zan ce zaman ya yi wa kowa daɗi ba. Ɗaki ɗaya, mutum takwas, zafin Afrilu, babu wuta, babu cefane: an yi faɗa, an yi saki, kuma mata da yara ne suka fi shan wuya.

An yi sallar idi ranar 24 ga Mayu, amma babu hawa. Sabon sarki ya shekara bai yi Hawan Daushe ba, bai yi na Nasarawa ba. Masu dawaki da masu ɗinkin kayan doki da 'yan algaita suka yi salla a zaune. Gari ya rage zafi da waƙar Hamisu Breaker da mata suka riƙa taka wa mazajensu a falo ana ɗauka a waya, malamai na faɗa, matasa na dariya. 'Yan fim da aka rufe wa sinima da wurin ɗauka suka koma YouTube da fina-finai masu dogon zango, kuma da alama ba za su dawo ba.

A watan Yuni Saudiyya ta sanar cewa mazauna ƙasar kaɗai za su yi aikin hajji, su ma 'yan ƙalilan, bayan da a 2019 kusan mutum miliyan biyu da rabi suka tsaya a Arfa. Kujeru 95,000 na Najeriya suka tashi a banza. Akwai tsohuwar da ta sayar da shanu, akwai manomin da ya shekara goma yana tari. Da yawa sun bar kuɗinsu a hukumar alhazai suna jira, wasu kuma Allah ya karɓi niyyarsu kafin a buɗe hanya.

Abu ɗaya da na so a ce ya zauna shi ne auren kulle. Mutum goma a zaure, sadaki, goro da alawa, da yamma mota ɗaya ta kai amarya. Babu kamu, babu dina, babu anko kala uku. Samari da yawa da lefe da hayar zauren biki suka tsare shekara da shekaru sun shige a wannan tsakanin, kuma ban ji an ce aurensu ya fi na kowa saurin mutuwa ba. Ana buɗe gari muka koma gidan jiya, har da ramuwa.

Waɗanda ba su gudu ba

A makonnin da mutuwa ta yi yawa, asibitoci masu zaman kansu da dama sun rufe ƙofa ko sun daina karɓar duk mai zazzaɓi da tari, saboda ba su da kayan kariya. Ɗakin gwajin da ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda shi kaɗai ne a jihar a lokacin, ya tsaya na wasu kwanaki ana tsakiyar tashin hankali. Daga baya aka buɗe na Jami'ar Bayero, gidauniyar Ɗangote ta kawo na tafi-da-gidanka, aka shirya wuraren killace marasa lafiya a Kwanar Dawaki da filin wasa na Sani Abacha. A farkon Mayu ƙungiyar likitoci ta ce fiye da mambobinta 30 sun kamu a Kano. Nas-nas da masu shara da masu gwaji da direbobin motar asibiti ba a ma cika ƙidaya su ba. Wasu sun yi makonni suna kwana a wani ɗaki daban don kada su kai wa 'ya'yansu, maƙwabta kuma na janye yara in sun gan su.

Mahaifiyata tana da hawan jini. Wata rana cikin azumi kanta ya yi nauyi, idonta ya yi ja, maganinta kuma ya ƙare. Asibitin da ta saba zuwa mai gadi ne kawai a bakin ƙofa, ya ce likita ba ya nan. Wani mai kyamis a bayan layinsu, wanda ya san ta shekaru, shi ya ɗaga ƙofar shagonsa rabi, ya auna ta a kan benci, ya tambayi sunan maganin. Sai aka shiga kallon-kallo. Wannan ya ce fari ne ƙarami, wancan ya ce ai guda biyu take sha. Jikarta 'yar shekara goma sha biyu ce ta ruga ta tono tsohon kwalin daga cikin shara. Tun daga ranar, sunan kowane magani nata da adadinsa yana rubuce a takarda a manne a bayan ƙofar ɗakinta, akwai kuma na'urar awon jini a gidan. Na tabbata da yawa daga dattawan da aka binne a Afrilun nan, ko korona ta taɓa su ko ba ta taɓa su ba, sun tafi ne saboda ciwon suga da hawan jinin da aka bari babu kulawa na mako uku.

Akwai kuma asarar da ba ta da magani. Kowane dattijo da ya tafi ya tafi da abin da ke kansa: tarihin unguwa, asalin gida, iyakar gona, wa ya auri wa. Muna ta cewa sai an samu lokaci za a zauna da Baba a ɗauki bayani. Ta'aziyya ma a waya aka yi ta. Ka kira ka ce ya haƙuri, a ce da godiya, ka yi addu'a, kati ya ƙare. Babu zaman makoki, babu sadakar uku, babu wannan zaman shirun a kan tabarma da ke gaya wa mai rashi cewa ba shi kaɗai ba ne. Akwai gidajen da har yau ban taka na yi musu gaisuwa ido da ido ba, kuma na san ana lissafe.

Labari mai daɗi ɗaya da shekarar ta kawo ya wuce kusan ba a ji shi ba. Ranar 25 ga Agusta Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, bayan shekara huɗu ba a ga ko ɗaya ba tun na Borno a 2016. Kano ce ta dakatar da wannan rigakafin a 2003, a Kano ne kuma 'yan bindiga suka kashe ma'aikatansa tara a watan Fabrairun 2013. Matan nan masu hijabi da akwatin ƙanƙara, da ake rufe wa ƙofa ana sakar musu baƙar magana, su suka kai mu nan. Tsarin da aka gina dominsu, na sanin kowane lungu da kowane mai unguwa, shi aka juya aka yi amfani da shi wajen bin sawun masu korona.

Inda godiya ba ta isa ba

A watan Afrilu gwamnonin Arewa suka amince kowa ya mayar da almajirai jiharsu ta asali. Aka riƙa kwashe yara a manyan motoci, daga Kano zuwa Katsina da Jigawa da Kaduna da Bauci, daga can kuma ana turo na Kano. Yaro ɗan shekara bakwai da ƙullin kayansa da allonsa, a tsakiyar annoba, a cikin azumi, an cusa shi da wasu hamsin. Da aka gwada su a inda aka sauke su, aka samu da dama sun kamu, sai jihohi suka shiga nuna wa juna yatsa a kan wa ya turo wa wa cuta. An tsare wasu a sansanonin masu yi wa ƙasa hidima. An yi alkawarin cewa daga wannan karon bara ta ƙare, za a sa su makaranta kusa da iyayensu. Duk wanda ya tsaya a danja a Kano yau ya san inda alkawarin ya kwana. Waɗannan yaran ba su kawo cutar ba, ba su da fasfo, amma su aka fara kora.

Sai kayan tallafi. Attajirai da bankuna sun haɗa biliyoyin naira a ƙarƙashin gamayyar CACOVID, aka sayi shinkafa da taliya da sukari. A watan Oktoba, bayan zanga-zangar EndSARS, jama'a suka fasa rumbuna a Legas da Jos da Kaduna da Abuja da wasu garuruwa, sai ga kayan jibge har rufi, wata shida bayan yunwar da aka saye su dominta. Hukumomi sun ba da uzuri iri-iri. Wanda ya sha ruwa da ruwa zalla a azumin 2020 ba zai karɓi ko ɗaya ba.

Makarantu sun yi fiye da wata shida a rufe. An yi darasi ta rediyo da talabijin, amma ɗan da ke da waya da intanet ya ci gaba, wanda ba shi da su ya koma talla ko gareji, wasu 'yan matan kuma aka aurar da su ba su dawo aji ba. Ɗaliban jami'a sun haɗa kulle da yajin aikin malamai na wata tara. Kuma kada a manta, ga mutumin Zamfara da Katsina da Borno korona ba ita ce babbar annobar 2020 ba. A ƙarshen Nuwamba aka yi wa manoman shinkafa sama da 40 yankan rago a Zabarmari. Ranar 11 ga Disamba aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara. Ƙasar da ta iya rufe kowace kasuwa da kowane masallaci a dare ɗaya ta nuna cewa in ta so yin abu tana iyawa, shi ya sa tambayar mutanen karkara ta ƙara nauyi.

Har lissafin mamatan ma bashi ne. Da a ce kowace maƙabarta tana da rajista mai kyau, kowace rasuwa ana kai rahotonta, da ba a yi mako uku ana gardama tsakanin mai haƙar kabari da kwamishina ba. Mutanen da suka haƙa ramuka ɗari-ɗari a ƙasa mai tauri, da azumi a bakinsu, babu safar hannu, yawancinsu da sadakar masu kawo gawa suke rayuwa. Ban ji an kira su an karrama su ba.

Allura ta iso

Ranar 2 ga Maris na 2021 jirgi ya sauke allurar rigakafi kusan miliyan huɗu ta AstraZeneca a Abuja, mako guda bayan Gana ta karɓi tata. An yi wa Shugaba Buhari a gaban kyamara. A Kano kuwa mutane suka riƙa ja da baya, kuma masu yi musu dariya ba su san tarihi ba. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kusan 200 a garin nan. Yara 11 suka mutu, wasu suka nakasa, aka yi shekaru ana shari'a kafin a sasanta da gwamnatin jiha a 2009 a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Wannan tsoron ba a cire shi da sanarwar rediyo ko barazanar hana albashi. Ana cire shi ne yadda aka cire na shan inna, a hankali, ta bakin wanda aka sani aka yarda da shi.

A ganina ya kamata a yi, musamman dattawa da masu suga da hawan jini, su da muka ga yadda Afrilun 2020 ya yi da su. Tazargade da citta da lemon tsami da sirace da muka dogara da su sun kwantar da hankali, amma ba su hana makara fita ba. Zagaye na biyu da ya taso a Disambar 2020 da Janairun 2021 ya nuna cutar ba ta yi sallama ba.

Gab da azumin 2021 na kai wa mahaifiyata zancen. Na ce, Hajiya, allurar nan ta zo asibitin unguwa, ina so a yi miki. Ta tambaya ko tana karya azumi, na ce malamai sun ce ba ta karyawa. Ta tambaya ko an yi min, na nuna mata katin. Ba ta ko kalle shi ba. Ta ce mai kyamis ɗin nan na bayan layi fa, shi an yi masa? Na ce zan tambaya. Ta ce to ka tambayo, in ya yi, bayan salla sai ka zo ka kai ni.